Ƙwaƙwalwa da Cututtukanta: Abin da Bincike Ya Gano Kan Shaye-shaye, Taɓin Hankali da Ciwon Daji

Muna gode wa Allah da Ya yi mana baiwar hankali, muna salati ga Annabin rahama, Sallallahu alaihi wa sallam, da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa, duk wanda ya daɗe yana limanci ko karantarwa a zaure ya san wasu mutane uku da ake yawan kawo wa malam. Na farko saurayi ne da ƙwaya ta ci ƙarfinsa, ya sayar da babur, ya fara ɗauke-ɗauke a ɗakin mahaifiyarsa. Na biyu shi ne wanda ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa da dare, ko maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi. Na uku ya fi ba da mamaki: dattijo mai kamun kai, wanda aka sani a sahun farko, cikin ƴan watanni halinsa ya juye, ya koma zagi da batsa a gaban surukai. Dangi kan zo da tambaya iri ɗaya a kan dukkansu: Malam, jifa ne ko iska? Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ya sami ƙwaƙwalwar mutumin. A kan wannan tambaya nake so mu tsaya yau, domin masu bincike sun yi shekara 70 suna bin ta, kuma sun dawo da abubuwan da ya kamata liman da ɗalibi da uba su sani.

Malamanmu sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya. Sun yi saɓani a kan mazaunin hankali. An ruwaito daga Malik da Shafi'i cewa zuciya ce, daga Abu Hanifa kuma cewa ƙwaƙwalwa ce, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Ba wannan saɓani na zo warwarewa ba. Amma ɗalibin da ya kai babin diyya ya san sun haɗu a kan cewa idan aka doki mutum a ka har hankalinsa ya gushe, akwai cikakkiyar diyya. Ashe tun da can an san cewa abin da ya taɓa naman da ke cikin ƙoƙon kai yana taɓa hankali.

Wannan nama nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma yana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A cikinsa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, bisa ƙidayar da wata mai bincike ƴar Barazil, Suzana Herculano-Houzel, ta fitar a 2009. Ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ƴar tazara wadda ido ba ya gani. Idan ɗaya za ta aika wa ƴar'uwarta saƙo, sai ta saki wani sinadari ya tsallaka tazarar, ya shiga wani gurbi a jikin ta biyu kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Wannan gurbi za mu kira shi makarɓa. Ku riƙe wannan misali, domin duk wani abin maye a nan yake aikinsa: ko dai ya yi kama da makullin ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba, ko ya sa a yi ta sakin makullan fiye da kima, ko ya hana a kwashe su bayan sun gama aiki.

Yadda ƙwaya ke kama mutum

A shekarar 1954, a jami'ar McGill da ke Kanada, wasu mutum biyu, James Olds da Peter Milner, sun saka siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwar ɓera. Suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli, idan ɓeran ya danna sai ɗan lantarki kaɗan ya shiga wurin. Ɓeran ya danna, ya sake dannawa, ya ƙi tashi. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye suna dannawa sau dubbai cikin awa guda, wasu har suna barin abinci alhali suna jin yunwa. Wannan ne ya nuna cewa akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da aikinta shi ne ta ce da mai rai: koma ka sake. Daga baya aka gane cewa babban sinadarin da ke tafiyar da wannan hanya shi ne dofamin, wanda wani ɗan ƙasar Siwidin, Arvid Carlsson, ya tabbatar da aikinsa a ƙarshen shekarun 1950.

Hanyar nan ni'ima ce. Da ita mutum ke tashi neman abinci da ruwa da aure. Abin da masu bincike a Italiya suka nuna a 1988 shi ne cewa giya da nikotin ɗin taba da hodar iblis da dangin ofiyom duk suna ɗaga dofamin a wuri guda, ko da yake ta ƙofofi daban-daban suke shiga. Amfetamin ya ɗaga shi kusan ninki goma a ɓeraye, abin da babu wani abinci da zai iya yi.

An daɗe ana kiran dofamin sinadarin jin daɗi, kuma har yau za ku ji haka a rediyo. Bincike ya gyara wannan magana, kuma gyaran ne ya fi amfanar mu. Wolfram Schultz, lokacin yana aiki a Suwizalan a shekarun 1990, ya riƙa auna ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar biri. Idan aka ɗiga wa birin ruwan ƴaƴan itace ba zato, sai ƙwayoyin su motsa da ƙarfi. Da aka saba masa da kunna fitila kafin ruwan ya zo, sai motsin ya bar lokacin shan ruwan ya koma lokacin kunna fitilar. Idan kuma aka kunna fitila aka hana ruwan, sai ƙwayoyin su yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya zo. Wato dofamin yana koya wa ƙwaƙwalwa alamomin da ke zuwa kafin abin da ake so. A jami'ar Michigan ta Amurka kuma, Kent Berridge da Terry Robinson sun nuna cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Ɓeran da aka rage wa dofamin, idan aka sa masa sukari a baki yana lasar leɓe kamar kowane ɓera, amma ba zai tashi ya je wurin abinci ba ko da a gabansa yake. A 1993 suka bayyana cewa maimaita shan ƙwaya yana ƙara wa hanyar kwaɗayi kaifi, alhali daɗin yana raguwa.

Na tuna wani yaro da mahaifinsa ya kawo mini, ɗan kabu-kabu, wanda ya ce da ni: “Baba Malam, wallahi na daɗe ban ji daɗinta ba, amma in na ga kofin nan a hannun abokina sai jikina ya ɗauki rawa.” Mahaifin ya daka masa tsawa, ya ce ƙarya yake yi, wa zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba ya jin daɗi? Ni ma a lokacin ban ba maganar yaron muhimmanci ba. Gaskiya ya faɗa. Kofin nan shi ne fitilar birin Schultz. Haka fadar da suke zama, da lungun da mai sayarwa yake, da ƙarar babur ɗin abokin, duk ƙwaƙwalwarsa ta haddace su.

Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a 2003, ta yi shekaru tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu shan hodar iblis da giya da sauransu. Ta samu cewa wani nau'i na makarɓan dofamin ya ragu a ƙwaƙwalwarsu, kuma yakan zauna a rage har watanni bayan sun daina. Kamar mai gida ne da ambaliya ta dame shi ya toshe rariya: ruwan ambaliya ya ragu, amma ruwan kirki ma ba ya shiga. Shi ya sa wanda ya kamu ba ya jin daɗin tuwo, ba ya jin daɗin hira da iyali, kuma guda ɗaya da ke isarsa a da yanzu sai uku. Ta kuma samu cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, aikinsa ya yi rauni. Wannan sashe shi ne linzami, da shi mutum ke auna ƙarshen al'amari ya kame kansa. Shi ne kuma sashen da ke nuna a ƙarshe, ba ya cika sai mutum ya kai wajen shekara 25. Yaro ɗan shekara 15 doki ne mai ƙarfi da linzamin da ba a gama saƙawa ba, kuma bincike ya nuna cewa wanda ya fara sha da wuri ya fi saurin kamuwa. Wani mai bincike, George Koob, ya ƙara da cewa idan tafiya ta yi nisa sai hanyoyin tsoro da ƙunci na ƙwaƙwalwa su farka, mutum ya koma yana sha don kawai ya ji shi daidai kamar sauran mutane.

Mu dawo gida, kan tramol. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 a matsayin maganin ciwo, kuma magani ne na gaskiya a hannun likita. Dangin ofiyom ne. A 1973 aka gano a jami'ar Johns Hopkins cewa ƙwaƙwalwa tana da makarɓai na musamman ga wannan dangi, bayan shekara biyu kuma aka gano a Sikotilan cewa jiki da kansa yana haɗa nasa sinadarin rage zafi da ke shiga makarɓan. Tramol baƙo ne da ya sami kwafin makullin gida. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa ƙasashenmu ana samun mai 200, mai 225, har mai 250 a ƙwaya ɗaya. Wanda ya haɗiye biyu ya riga ya kai ko ya wuce iyakar yini guda. Bayan haka tramol yana taɓa wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake sa mutum ya ji kamar ba ya gajiya, shi ya sa kuma yake jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Saurayin da ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa a kasuwa, kafin a ce iska ta buge shi, a tambayi abin da ya sha. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya kiyasta mutum miliyan 14.3 da suka sha wani abin maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin. Iyakar da ke tsakaninmu da su ba ta tare ƙwaya.

Yanzu wani ɗalibi zai ce: Malam, idan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ashe ke nan ba shi da laifi? Tambaya ce mai kyau, kuma su kansu masu binciken sun yi jayayya a kanta tun da Alan Leshner ya rubuta a 1997 cewa kamuwa da ƙwaya cutar ƙwaƙwalwa ce. Masu ja da shi suna kawo labarin sojojin Amurka a Biyetnam. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka dawo gida a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da hiroyin a can. Da suka dawo, kashi 5 cikin 100 kawai na waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 cikin shekara uku. Sun bar yaƙi, sun bar abokan sha, sun bar ƙasar da ƙwayar ke da arha. Duk wanda ya ji wannan zai tuna hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda malami ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take amma ya umarce shi da ya bar garinsa ya koma garin mutanen kirki.

Abin da na fahimta shi ne: shan farko zaɓi ne kuma saɓo ne, babu wani hoton ƙwaƙwalwa da zai halatta shi. Imamul Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mai bugarwa da mai ɓata hankali da mai sumarwa, kuma saɓaninsa da wasu malamai a kan haddi ne, ba a kan halascin gusar da hankali don nishaɗi ba. Kuma sananne ne a mazhabarmu cewa sakin wanda ya bugu da haram yana aukuwa, na mahaukaci ba ya aukuwa, domin na farko shi ya jawo wa kansa. Amma bayan shekara uku ana sha, zaɓin ya ƙuntata ƙwarai, ko da bai gushe ba. Gado ma yana da hannu: binciken tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa daga gado yake, don haka abokai biyu kan fara tare, ɗaya ya bari ba wahala, ɗaya ya nutse. Kar wanda ya tsira ya yi alfahari. Mu tuna giya mataki-mataki aka haramta ta, kuma mu tuna sahabin nan da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi, da wani ya tsine masa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba.

Akwai albishir. Volkow da abokan aikinta sun nuna a 2001 cewa masu shan metamfetamin da suka yi fiye da shekara guda ba su sha ba, wani ɓangare na abin da ya lalace a hanyar dofamin ɗinsu ya farfaɗo. Ƙwaƙwalwa tana gyaruwa, sai dai da watanni take lissafi. Iyaye su daina cewa an yi masa addu'a kwana bakwai kuma ya koma, don haka ba ya jin magani.

Sai gargaɗi biyu masu nauyi. Wanda ya daɗe yana shan giya ko diyazefam, yanke masa lokaci guda yana iya jawo faɗuwa har mutuwa, likita ne ke rage masa a hankali. Na biyu, wanda aka kulle wata uku, jikinsa ya manta sabon da ya yi da ƙwayar, amma kwaɗayin yana nan. Ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mari da sarƙa ba magani ba ne, ko da ba a yi maganar zalunci ba. Mun ji abin da ƴan sanda suka tarar a Kaduna a watan Satumba na 2019, inda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai ƴaƴansu can ba mugaye ba ne, rasa inda za su je suka yi. Akwai magunguna irin su metadon da bufrenofin da ke riƙe makarɓan ofiyom ba tare da bugarwa ba, kuma an tabbatar suna rage mutuwa. Akwai nalokson da ke farkar da wanda numfashinsa ke tsayawa cikin mintuna. Haƙƙinmu ne mu nemi hukumomi su kawo su kusa.

Taɓin hankali

Wiwi ce gadar da ke haɗa babin da ya wuce da wannan. A Siwidin an bi sawun samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka samu a 1987 cewa waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka sauran kusan sau shida wajen kamuwa da cutar sikizofireniya, wato cutar jin muryoyi da zargi marar tushe. Wani bincike na 2019 a biranen Turai da Barazil ya samu cewa mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau uku, idan mai ƙarfi ce kusan sau biyar. Amma yawancin masu wannan cuta ba wiwi ce ta jawo musu ba, kar mu ɗora wa marar lafiya laifin da bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma yawanci a ƙuruciya take bayyana.

Maganinta na farko, kulofuromazin, an fara amfani da shi a wani asibitin Paris a 1952, tun ba a san yadda yake aiki ba. Daga baya aka gane yana toshe makarɓan dofamin ne. Ga yadda za a fahimci abin: tunda dofamin ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa “wannan abu yana da muhimmanci”, idan ya riƙa fita ba bisa ƙa'ida ba sai tarin maƙwabci da kallon mai shago su zama saƙo, mutum ya gina labari a kansu. A ɓangaren gado, wani babban bincike na 2022 ya gano wurare 287 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da cutar, kowanne da ɗan tasiri kaɗan. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, haɗarin ɗayan bai wuce rabi ba. Don haka babu hujjar ƙaurace wa auren dangi gaba ɗaya saboda mutum ɗaya.

A nan binciken bai kai inda ya kai a babin ƙwaya ba. Har yau likita da tambaya da lura yake gane waɗannan cututtuka, babu gwajin jini ko hoto da ke nuna su. Maganar da aka daɗe ana yi cewa ciwon damuwa ƙarancin sinadarin serotonin ne kawai, wani nazari na 2022 ya nuna hujjarta ba ta da ƙarfi, ko da yake magungunan suna taimakon mutane da yawa.

Akwai wata cuta da nake so duk mai yin ruƙya ya san da ita. Wani likita, Josep Dalmau, ya bayyana ta a 2007. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai wa wasu makarɓan ƙwaƙwalwa hari. Ta fi kama ƴan mata. Cikin ƴan makonni yarinya mai lafiya ta fara ihu, tana ganin abin da babu, tana murɗe baki da gaɓoɓi, tana faɗuwa, sannan ta daina magana. Wa zai ga wannan a unguwarmu bai ce aljani ba ne? Ana gane ta da gwajin ruwan ƙashin baya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna samun sauƙi sosai. Mu da muke da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai da sanƙarau, ka'ida ɗaya ce: ruɗewa tare da zazzaɓi ko faɗuwa, asibiti a ranar.

Mun yi imani da samuwar aljanu, kuma ruƙya ta shari'a halas ce. Amma ba a yi wa malam wahayi cewa wannan mutum da ke gabansa aljani ne ya taɓa shi ba, zato yake yi, kuma zato na iya kuskure. An tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar warkewa. Magabatanmu ba su ga karo tsakanin biyun ba. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke tasowa daga jiki yana buƙatar magani. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A zamaninmu kuma, Farfesa Oye Gureje ya jagoranci gwaji a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a 2020, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba marasa lafiya tare. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙi.

Ƙari a cikin kai

Sai dattijon nan da halinsa ya juye. A 2003 wasu likitoci a jihar Bajiniya ta Amurka sun wallafa labarin wani malamin makaranta ɗan shekara 40 da ya fara nuna mugun hali na sha'awa wanda ba a san shi da shi ba, har kotu ta kama shi da laifi. Ciwon kai ya kai shi asibiti, aka ga ƙari a sashen da ke saman idonsa na dama, wato a linzamin nan da muka ambata. Aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka sake hoto, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake tafiya.

Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne, kar kowa ya firgita. Alamomin da ke sa a nemi hoton kai su ne ciwon kai sabo da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, tare da amai. Faɗuwar farfaɗiya ta farko ga babba. Raunin hannu ko ƙafa a gefe ɗaya. Canjin gani ko sarƙewar magana. Da canjin hali ba dalili. Kuma ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Wanda ya fi yawa, mai tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, galibi ba ya yaɗuwa, kuma tiyata kan raba mutum da shi.

Mai tsananin shi ne giliyobilastoma, wanda ya kashe sanatocin Amurka Edward Kennedy a 2009 da John McCain a 2018, duk da irin asibitocin da suke da su. Abu biyu ne suka sa ya gagara. Yana shiga cikin lafiyayyen nama kamar saiwar ƙirinjiya a gona, likita ba zai iya yanke shi duka ba sai ya yanke magana ko motsi. Shi ya sa wani lokaci ake yin aikin mutum yana farke ana hira da shi, domin naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi. Sannan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge mai tace abin da ke shiga, wanda ke kare ta daga guba amma yana tare yawancin magunguna. Tsarin da ake bi har yau ya fito ne daga gwajin Roger Stupp na 2005: tiyata, gashi, da ƙwayar temozolomid. Ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 12.1 zuwa 14.6, waɗanda suka kai shekara biyu kuma daga kashi 10 zuwa 26 cikin 100. Ajali na hannun Allah, wannan ƙidayar abin da aka gani ne a jama'a.

A 2019 Michelle Monje a Amurka da Frank Winkler a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, sun gano cewa ƙwayoyin wannan ciwo suna ƙulla mahaɗa da lafiyayyun ƙwayoyin jijiya, suna karɓar saƙonninsu suna girma da su. Saboda haka yanzu ana gwada ko wasu magungunan farfaɗiya za su yanke wannan mahaɗa. A 2024 kuma Amurka ta amince da wata ƙwaya, borasidenib, ga wani nau'i mai tafiyar hawainiya da ke da wani canji sananne a ƙwayar gado. A gwaji ta tsawaita lokacin da ƙarin ke zaune bai ƙaru ba daga wata 11 zuwa kusan 28. Waɗannan suna da tsada kuma suna nesa da mu. Abin da ke kusa shi ne na'urar hoton kai a manyan asibitoci, da cibiyar gashin ciwon daji da aka buɗe a Yamai a 2021.

Wani dattijo cikin masu sallah a bayana ya taɓa sakin matarsa ta shekara 30 sau uku a zama ɗaya, a cikin watannin da ya fara zagin mutane yana fitsari a tsaye a ƙofar gida. Ƴaƴansa suka zo neman fatawa, matar ta riga ta haɗa kayanta. Da na ji yana amai da asuba kuma hannunsa na hagu ba ya riƙe buta, sai na ce ba zan ce komai a kan sakin ba sai an kai shi hoto. Aka sami ƙari babba a bayan goshinsa. Likita ya rubuta cewa a wannan hali ba ya iya auna abin da yake faɗa, muka kai takardar gaban alƙali, matar ta kwance kayanta. Ita ce ta yi jinyarsa wata tara har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.